Muhawara a Kan Ƙaryar Matar Masunci

Shekarar da na shiga aji biyar na sakandare, mu uku muka rage a gidanmu na Kwaciri: ni da Baba da Gwaggo, wato yayarsa. Inna ta rasu da damina. Bayan an yi sadakar arba'in, 'yan'uwanta da suka zo daga Maiduguri suka roƙi a ba su ƙannena biyu su riƙe, Baba bai musa ba. Ni aka bari saboda makaranta. Asalinmu can ne, amma tun kakanmu ya zo Kano fatauci ya zauna, don haka ban san Maiduguri ba sai a bakin baƙi.

Gidan ya yi mana yawa. Baba yana da shagon atamfa da shadda a Kantin Kwari, in ya fita bayan karin kumallo ba ya dawowa sai an kusa kiran magariba. Gwaggo tana haɗa turaren wuta da humra tana sayarwa, yini take a tsakar gida gaban kasko tana juya itacen ƙamshi da sukari. Kunnenta ya yi nauyi tun kafin a haife ni. Mai son yi mata magana sai ya taɓa kafaɗarta ya ɗaga murya, kuma maganar da za a yi da ihu ba ta wuce ta abinci da wanki. Sai ya zamana ina dawowa daga makaranta in ci abinci, in yi wanke-wanke, in yi salla, har in kwanta ban furta abin da ya wuce "Sannu da zuwa, Baba" ba.

Makarantarmu a Sabon Gari take. Inna ce ta dage aka kai ni can, wai sun fi koyar da Turanci. Sa'annina na unguwa duk wata makarantar suke zuwa, ba mu cika haɗuwa ba. A ajinmu akwai 'yan mata Hausawa kaɗan, to su ma tun bayan rasuwar suka koma yi mini magana ƙasa-ƙasa kamar mai jinya. In na iso inda suke dariya sai kowa ta gyara fuska. Na san tausayi ne, amma ya sa na daina zuwa inda suke.

Malamin da ke koya mana adabin Turanci dattijo ne siriri, ɗan kudu, wanda ya daɗe a Kano. Kullum hannun rigarsa da farin alli. A zangon ƙarshe na shekarar ya kawo mana wani ɗan ƙaramin littafi mai koren bango, kuma da yake kwafin bai isa ba, sai ya raba mana mutum biyu-biyu. Wadda aka haɗa ni da ita abokiyar zamana ce a benci, 'yar ƙabilar Ibo, Kirista, haifaffiyar Sabon Gari. Hausa a bakinta ta fi tawa kaifi, in ta yi wa yaran ajin baƙar magana sai an yi ta dariya har a tashi. Mun daɗe a benci ɗaya, amma zancenmu bai taɓa wuce aron biro ba.

Labarin littafin ba shi da tsawo. Wani tsohon masunci ne da matarsa a ƙauyen bakin kogi. Ɗansu guda ɗaya, ya tafi birni neman aiki. Tsohon ya kwanta ciwon ajali, ya sa aka aika wa ɗan ya zo. A hanya mota ta faɗi da yaron ya mutu. Labari ya iso wa matar tana bakin murhu, ta share hawayenta ta shiga ɗaki. Mijin ya tambaye ta ko an ji ɗuriyar yaron, ta ce yana hanya, kogi ne ya cika jirgi ba ya iya ƙetarewa. Haka ta riƙa faɗa masa kowace safiya, ta kuma hana duk mai zuwa dubiya ya faɗi gaskiya, har tsohon ya cika fuskarsa tana kallon ƙofa.

Da muka gama karantawa Malam ya rubuta tambaya a allo: shin matar masuncin ta yi daidai ko ba ta yi ba? Ya juyo ya kakkaɓe hannu ya ce, "Ba labarin nake so ku sake ba ni ba, na karanta shi tun ba a haife ku ba. Kowa ya zaɓi gefe ya tsaya a kai, ya kawo hujja daga cikin littafin. Sannan ya nemo hujja mafi ƙarfi ta wanda bai yarda da shi ba, ya rubuta ta da adalci, ya amsa ta. Za ku kawo na gwaji in duba, na ƙarshe kuma kafin hutu."

Ni ban yi wani dogon tunani ba. Ina komawa gida na zauna a bakin ƙofar ɗakinmu na rubuta nawa kafin la'asar ta yi sanyi. Na ce matar maƙaryaciya ce, ta ci amanar mijinta, ta mayar da shi yaro, kuma ba wanda ya ba ta ikon yanke masa abin da zai iya ɗauka da wanda ba zai iya ba. Biron har huda takarda yake yi.

Akwai dalili. Lokacin da aka kwantar da Inna a asibiti muna tsakiyar jarrabawa. Kullum Baba ya dawo in tambaye shi, sai ya ce, "Da sauƙi sosai. Ki yi karatunki, jibi-jibin nan za a sallamo ta." Na roƙi a kai ni, ya ce in bari a gama jarrabawa. Ina cikin rubuta ta ƙarshe aka leƙo ajin aka kira sunana, na fito na tarar da maƙwabcinmu a tsaye ya kasa haɗa ido da ni. Tun daga ranar ban taɓa tayar wa Baba da maganar ba, shi ma bai tayar ba.

Da Malam ya dawo mana da takardunmu, tawa ba maki a kai. Ya tsaya a gefen bencinmu ya ce, "Turancinki ya yi kyau. Amma wannan faɗa ne, ba muhawara ba. Da wa kike jayayya a nan? Ban ji muryar kowa ba sai taki. Ki je ki samo wanda zai ce miki a'a."

Na tafi gida ina juya maganar. Wa zan samo? Da yamma na tsuguna kusa da Gwaggo, na taɓa kafaɗarta, na fara ba ta labarin da ƙarfi, har 'ya'yan maƙwabta suka leƙo ta katanga. Ta saurara tana gyaɗa kai, ludayin yana hannunta. Da na kai wurin da mota ta faɗi sai ta saki salati.

"Ɗan gidan wa ne? A nan Fagge?"

"A littafi ne, Gwaggo!"

"A ina?"

"Littafi! Ba gaske ba ne!"

Ta dube ni kamar na yi mata wasan banza da mutuwa, ta ce Allah ya jiƙan musulmi, ta koma kan kaskonta. Na tashi na shiga ɗaki.

Washegari da aka tashi, ina tafiya zuwa Bata inda nake hawa a-daidaita-sahu, sai na ji ana kirana daga baya. Abokiyar zamana ce, tana sauri jakarta tana dukan bayanta. Gidansu ba ta nan yake ba, amma ta ce mamarta ta aike ta.

"Na karanta takardarki," in ji ta. "Kin bar ta a buɗe a kan benci. Ke ba ki da tausayi ko kaɗan."

"Ita ce ba ta da tausayi."

"Matar da ɗanta ya mutu, ta hana kanta kuka don kada tsoho ya ji? Ke kin san wuyar wannan?"

"Ai ba ita kaɗai ta haife shi ba. Shi ma ɗansa ne."

"To in ta faɗa masa me zai yi? Zai tashi ya je jana'iza ne? Mutumin da ko ruwa sai an ɗaga masa kai."

"Zai yi masa addu'a."

Ta ce, "To, wannan kam hujja ce. Me ya sa ba ki rubuta ta ba, kika tsaya zagi?"

Muka iso Bata muna musu, cikin hayaniyar masu tura kura da 'yan dako ɗauke da dilolin atamfa a ka. Na bar a-daidaita kusan uku suka wuce don ban gama maganata ba. Da na hau na zauna sai na lura maƙogwarona ya bushe. Rabon da in yi magana mai tsawon haka tun Inna tana raye.

Daga ranar kullum sai ta raka ni. Ta daina cewa aike ne. Littafin yana kwana wurinta yau, gobe wurina, kowa ta je ta nemo abin da za ta kayar da 'yar'uwarta da shi. Ni na samo wurin da tsohon ya ce wa matar a farkon labarin, tun suna da lafiya, ba abin da ya fi ƙi kamar a rufe shi a duhu. Ita kuma ta zo wata safiya tun kafin a fara darasi tana kaɗa littafin a fuskata.

"Duba babin ƙarshe. Sau nawa ya tambayi yaron?"

Na duba. Bai tambaya ba.

"Kin gani? Ya daina tambaya. Cewa ya yi a ɗauko masa tarun yaron a ajiye kusa da shi. Wanda yake jiran ɗansa gobe me zai yi da tarunsa? Ya sani. Ya bar ta ne ta ci gaba, don ita ma ta samu abin riƙewa."

"Marubucin bai faɗa ba."

"Sai an faɗa miki komai?"

Na ji haushi, don na karanta babin sau da yawa ban ga haka ba. Na ce mata in ma ya sani, ai abin ya fi muni, don ke nan kowa yana yi wa kowa ƙarya. Ta ce ni da an ba ni alƙalanci da gari ya ƙare a kurkuku. Muka yi dariya har Malam ya ɗago kai daga teburinsa.

Wata Asabar littafin ya kamata ya dawo hannuna, ta manta shi a gida ranar Juma'a. Ta ce in zo in karɓa. Na gaya wa Baba, ya ce in je in dawo kafin la'asar. Gwaggo da ta fahimci gidan mutane za ni, ta ƙulla mini turare a leda ta ce in kai wa uwar.

Duk shekarun da na yi ina zuwa makaranta a Sabon Gari ban taɓa shiga gidan kowa ba. Nasu ɗaki biyu ne a wani dogon gidan haya, ƙofofi suna kallon juna, igiyoyin shanya sun cika tsakiya, ana jin waƙar coci daga rediyon wani ɗakin. Mamarta doguwa ce mai jiki, tana sayar da manja da busasshen kifi a kasuwa. Ta karɓi turaren ta shinshina ta ce da Hausa, "Kai, 'yata, wannan ai na amare ne." Ta kawo mini lemon kwalba da biskit, ta buɗe a gabana.

A falon akwai gado, a kan gadon akwai babanta. Ban san ba shi da lafiya ba. Ɓarin jikinsa ya shanye, bakinsa ya karkace, in ya yi magana sai matar ta sunkuya ta saurara. Na durƙusa na gaishe shi, ya ɗaga hannun da ke motsi. Ya ce wani abu, matar ta amsa da yarensu da fara'a, tana gyara masa matashi. Ya sake tambaya, ta sake amsawa, ya lumshe ido kamar wanda hankalinsa ya kwanta.

Da ƙawata ta rako ni muka fito titi na tambaye ta me yake cewa.

"Shagonsa yake tambaya. Kayan gyaran janareto yake sayarwa."

"Me ta ce masa?"

"Ta ce kasuwa tana tafiya lafiya lau." Ta shuri wani dutse. "An rufe shagon tun bara. Wani ne a ciki yanzu, yana sayar da wayoyi."

Muka ci gaba da tafiya. Da muka kai inda zan hau a-daidaita ta miƙo mini littafin.

Na ɗauka bayan wannan musunmu zai ƙare, amma ranar Litinin ita ta fara tsokanata. Sai dai ni na rage zafi. Na daina kiran matar maƙaryaciya, na koma cewa ta yi kuskure. Ƙawata ta lura, ta ce kada in ji tausayinta, ita ba ta son a bar mata gardama don an ga babanta.

Ana saura 'yan makonni a yi hutu, muna tafiya, ta tsaya a gefen wani mai gyaran takalmi ta ce, "Ke kin ce kin fi son a gaya miki gaskiya ko da ba daɗi."

"Haka ne."

"To za mu tafi. 'Yan'uwan Baba sun ce a mayar da shi gida, can ƙauyenmu. Da an yi hutu za mu tashi. Ba za mu dawo ba."

Na tambaye ta tun yaushe ta sani. Ta ce tun kafin a ba mu littafin. Ta yi niyyar ba za ta faɗa wa kowa ba sai ranar ƙarshe, amma kullum ina cika mata kunne da maganar amana, har ta ji ba za ta iya ba.

"Kin taɓa zuwa can?"

"Sau biyu, da Kirsimeti. Suna yi mini dariya, wai yarena na 'yan Arewa ne."

Na ce Allah ya sa haka ya fi alheri, ta ce amin. Na hau a-daidaita ta farko da ta tsaya.

Na samu gaskiyar da nake nema, kuma ba ta yi mini sauƙin komai ba. Kwanakin da suka biyo baya muna tafiya Bata tare kamar da, amma musun ya mutu. In na buɗe baki zan kawo hujja sai in tuna wannan tafiyar tana cikin na ƙarshe, sai maganar ta yi mini nauyi. A aji in na dubi gefena ina ganinta a zaune, amma tunanina yana kan yadda bencin zai zama in ba ta. Wata rana ta gaji da shirun ta ce, "Kin gani ko? Da ban faɗa miki ba da yanzu muna faɗa abinmu."

Na ce, "Da kuma ranar ƙarshe na ji haushinki har abada."

"To wanne ya fi?"

Na ce mata ban sani ba. Wannan ne karo na farko da ɗayanmu ta faɗi haka.

Ana saura mako guda mu miƙa rubutun, hadari ya haɗo muna isowa Bata. Ƙawata ta juya da gudu, ni kuma na ga ba zan samu abin hawa ba kafin ruwa ya sauko, sai na kutsa cikin Kwari na nufi shagon Baba. Na same shi shi kaɗai yana ninke shadda. Ya yi mamakin ganina, ya jawo mini kujera. Ruwa ya tsuge a kan kwanon rumfa, masu saye suka ɗauke ƙafa.

Ya ga littafin a hannuna ya ce, "Karatun ne har a hanya?"

Ban shirya ba, amma sai na ji ina ba shi labarin, tun daga ciwon tsohon har mutuwarsa. Yana ji yana ninki, yana daidaita bakin yadin da tafin hannu. Da na gama na ce, "An ce mu rubuta ko ta yi daidai."

"Ke me kika ce?"

"Na ce ba ta yi ba."

Ya ɗora shaddar a kan 'yan'uwanta, ya ɗauko wata, amma bai buɗe ta ba. Ya dubi ruwan da ke zuba daga indararo.

"Likita ya kira ni gefe ya gaya mini Innarki ba za ta tashi ba," in ji shi. "Tun a makon farko. Na ce masa shi ba Allah ba ne. Abin da nake zuwa gida ina faɗa miki, shi nake faɗa wa kaina a hanya. In na kai ki kika gan ta, to na yarda ke nan." Ya shafa fuskarsa. "Ya kamata in kai ki."

Na daɗe ina tanadin abin da zan faɗa masa in ranar nan ta zo, amma ko ɗaya bai fito ba. Ban ce na yafe ba, don bai nema ba, kuma a lokacin ban san ko na yafe ɗin ba. Muna zaune haka wata Hajiya ta faɗo shagon tana kakkaɓe mayafi, tana tambayar atamfar anko. Baba ya miƙe ya ce, "Sannu da zuwa, Hajiya, bismilla," ya fara sauko mata da kaya. Na matsa da kujerata gefe.

A ƙarshen makon na sake rubutun daga farko. Ban sauya gefe ba. Amma na bar zancen cin amana, na tsaya a kan abu ɗaya: ƙaryar ta raba mutum biyu da ya kamata su yi kuka tare. Matar tana ɗauke da mutuwar ɗanta ita kaɗai, mijin yana jira shi kaɗai, a ɗaki ɗaya, kuma wannan ne lokaci na ƙarshe da suke da shi. Na kawo maganar duhun da tsohon ya yi, na kawo addu'ar da aka hana shi. Da na zo ɓangaren wanda bai yarda da ni ba, sai na ji kamar ƙawata tana zaune kusa da ni tana faɗa ina rubutawa. Na sa maganar tarun. Na sa cewa ba mu san ko matar don mijin ta yi ba ko don ita kanta ba ta iya furta abin ba, kuma ba kowa ne yake iya faɗin mutuwa da bakinsa ba. Ɓangaren ya yi ta tsawo har ya fi nawa. Amsar da na ba shi gajeriya ce, na san gajeriya ce, amma iyakar abin da nake da shi ke nan.

Malam ya raba mana takardun ranar da za a yi hutu. Na samu maki mai kyau, ba na sama ba. Ya ce, "Yanzu na ji mutum biyu. Sai dai ta biyun ta kusa kayar da ke, kuma kin bar ta." Ƙawata ta fi ni da kaɗan. Ta nuna mini tata, na ga ta rubuta hujjar addu'ar nan a matsayin mafi ƙarfin abin da za a iya faɗa a kan matar, ta kuma amsa ta da cewa tsohon ba ya buƙatar a sanar da shi kafin ya roƙa wa ɗansa rahama, tunda kullum roƙa masa yake yi.

"Wannan amsar ba ki taɓa faɗa mini ita ba," na ce.

"Daga baya ta zo mini."

Muka mayar wa Malam littafin, muka fito. A Bata muka tsaya gefen titi mun rasa abin yi. Ta ce motarsu ta safiyar Lahadi ce, daga tashar manyan motocin kudu, kada in wahalar da kaina. Na rubuta mata lambar Baba a tafin hannu don ba ni da waya. Ta rungume ni da sauri, ta ce in gaida Gwaggo mai turare, ta tsallaka titi. Na bi ta da ido har wata motar kaya ta shiga tsakaninmu.

Ta kira sau biyu a cikin hutun, Baba ya miƙo mini wayar ya fita tsakar gida. Ta ce ƙauyen ruwa kullum, kuma ba wanda za ta yi Hausa da shi sai mamarta. Layin yana yankewa, rabin maganar "Kina jina?" ce. Bayan nan ba ta sake kira ba, ni kuma da na gwada lambar aka ce a kashe take. Sai da aka koma makaranta wata 'yar cocinsu ta gaya mini baban ya rasu ba da daɗewa da isarsu ba.

A sabon zangon ba a sa kowa a gefena ba, don ajin ya ragu, benci ya yi yawa. Littafin da aka kawo wannan karon ya isa kowa ya samu nasa. In an tashi na daina tsayawa jiran a-daidaita, sai in wuce shagon Baba in zauna a kujerar nan in yi aikin gida har ya rufe, mu koma tare. Bai ce in riƙa zuwa ba, bai kuma hana ba. Ba ma cika magana. Wani lokaci yakan ce in riƙe masa bakin yadi ya yanka, ko in kai wa maƙwabcinsa almakashi.

Wata yamma muna cikin a-daidaita, an tsaya cik a cunkoson hanyar Fagge, ya dubi jakata ya ce, "Yanzu wane littafi kuke karantawa?"

Na ce wasan kwaikwayo ne, na fara ba shi labarin. Ga ƙarar hon, ga mai a-daidaitan yana faɗa da wani ɗan acaɓa, sai na riƙa ɗaga murya. Ina tsakiyar bayani na waiwaya na ga kansa ya jingina da ƙarfen gefe, barci ya ɗauke shi, hularsa ta karkace. Na gyara masa ita, na yi shiru, har muka iso bakin layinmu na tashe shi.